Sunan Ɗan Fari a Ɗakin Likita

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Doha, mun taɓa kai kakata ƙaramin asibitin unguwarmu, wadda ake kira Matar Ƙadim. Abin da na fara lura da shi da isarmu shi ne takalmanta. Ƙofar gilashin ta buɗe da kanta, sanyin ciki ya daki fuskokinmu, sai Kaka ta tsaya ta tuɓe silifas ɗinta a bakin ƙofa, ta jera su kai ɗaya, ta yi sallama ta shiga ba takalmi, kamar wadda ta je barka gidan maƙwabta. Mahaifina ya sunkuya ya ɗauke su, ya riƙe su a bayansa har muka sami wurin zama, sannan ya ajiye mata a gaban ƙafa. Bai ko dube ni ba.

Shekarata goma sha uku a lokacin. Ni irin yaran nan ce da malamai ke rubuta wa a takardar sakamako cewa tana da natsuwa amma ba a san muryarta ba. In baƙi suka zo gidanmu, kafet nake gaisarwa. Amfanin yawan kallon ƙasa ɗaya ne, mutum yana ganin abubuwan da manya ba sa gani, tunda su fuskokin juna suke kallo.

Kaka ita ce ta haifi mahaifina. Bayan rasuwar kakanmu ya ɗauko ta daga Zariya, ya yi mata takardun zama, ya zama shi ne kafil ɗinta, wato mai tsaya mata a wurin hukuma. Kalmar tana ba ta dariya. Takan ce, "Ikon Allah, wai yanzu ni ce a ƙarƙashin wannan."

"Wannan" shi ne mahaifina. Shi ne ɗanta na fari, kuma tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tana nemansa sai ta ce, "Ina uban yaran nan?" In hira ta biyo ta kan wani mai irin sunansa, sai ta ce "mai sunan wancan", kowa kuma ya gane. Ko gaishe ta ya zo yi da safe, ya durƙusa a bakin ƙofa, labule take amsa wa. Ƙannensa kuwa tana kiran sunayensu a waya har da na tsokana. Mu da muka tashi a Doha abin yana ba mu mamaki, amma mahaifina yana alfahari da shi. Yakan ce irin alkunyar Hajiya ta ƙare a duniya.

A shekararta ta biyu tare da mu abubuwa suka fara canzawa, kaɗan-kaɗan. Da ta zo, cikin kwana biyu ta gane cewa alƙiblar Doha yamma take kallo, ba gabas ba kamar ta gida. Yanzu sai in shiga ɗakinmu, don ɗaki ɗaya muke kwana, in tarar ta juya darduma gabas. Sai ta yi Azahar, ta naɗe darduma, bayan ɗan lokaci ta sake alwala ta sake yin Azahar. Na tsinci carbinta a cikin robar daddawa. Miyar kukarta, wadda abokan mahaifina ke zuwa sha tun daga unguwar Gharrafa, wata rana ba gishiri, wata rana an zuba sau uku. Ranar da abin ya tsorata mahaifiyata ita ce ranar da muka dawo daga makaranta muka tarar da tukunya a kan gas, ruwan ya ƙone ƙurmus, gindin ya yi baƙi, Kaka kuma tana falo tana tsince shinkafar da babu tsakuwa ko ɗaya a cikinta.

Mahaifina yana da amsa ga kowanne. Alƙibla, baƙunta ce. Gishiri, na garin nan ne ba shi da ƙarfi. Tukunya kuwa, wa bai taɓa mantawa da tukunya ba?

"Zaman gida ne ya ishe ta," in ji shi. "Mutumin da ya saba da tsakar gida an kawo shi hawa na uku. Ta koma Zariya ta sha iska, za ki ga ta warware."

Dama kullum maganar Kaka ke nan, a mayar da ita ɗakinta. Sai dai gidan Zariya ba kowa a cikinsa sai 'yan haya a sashen waje. In ta koma, ita za ta kunna wuta, ita za ta kashe.

Mahaifiyata ta tambayi wata ƙawarta likita, 'yar Kano. Ita ta gaya mata akwai sashe guda a babban asibiti da ba a duba komai a cikinsa sai mantuwa irin ta tsofaffi, amma ba a zuwa kai tsaye. Sai likitan iyali na asibitin unguwa ya duba mutum, in ya ga da dalili ya rubuta takardar turawa. Mahaifina ya yarda za a je, bisa sharaɗi ɗaya: in likita ta ce lafiya lau, ƙarshen wata Kaka za ta hau jirgi, kuma an rufe maganar. Ranar mahaifiyata tana da aiki, shi ya sa aka ce in bi su, ko da za a buƙaci mai riƙe wa Kaka hijabi. A bakin ƙofa ta gyara mini ɗankwali, ta ce a hankali, "Ki buɗe kunnenki."

Likitar 'yar Masar ce, mai ƙiba, mai saurin magana, tabaranta rataye da igiya a wuya. Ta auna jinin Kaka, ta duba idonta, tana ta kiranta "ya hajja". Kaka ba ta jin Turanci, Larabcinta kuma na salla ne da karatun allo, don haka mahaifina ne tafinta. Ni aka ba ni kujerar bayan ƙofa, kusa da sikeli.

Likita ta ɗauko takarda mai layuka, ta ce za ta yi wasu 'yan tambayoyi. Ta fara da abubuwa uku da take so Kaka ta riƙe a ka, za ta tambaye ta anjima: lemo, kujera, makulli. Kaka ta maimaita, ta ce, "Yau kuma wasan yara aka kira mu?" Mahaifina ya fassara, likita ta yi dariya.

"Tambaye ta wace ƙasa muke," in ji likita.

"Hajiya, wai wace ƙasa ce nan?"

"Makka mana. Ba jiran jirgi muke ba?"

Mahaifina ya juya wurin likita ya ce da Turanci, "Ta ce ƙasar Larabawa, Ƙatar." Likita ta yi maki.

Na ɗago kai, na sake sunkuyarwa.

Aka tambayi wane wata ake ciki. Kaka ta ce azumi ya kusa, alhali ko sati uku ba a yi da Babbar Salla ba. Mahaifina ya ce da watannin Musulunci take lissafi, kuma ta faɗa daidai. Aka ce ta zana agogo, ya ce ba ta yi boko ba, wanda gaskiya ne, likita ta tsallake layin. Da aka dawo kan abubuwa ukun, ga yadda ya fassara tambayar: "Hajiya, wai ki faɗa mata abubuwan ɗazu, su lemo da kujera da mene ne ma ɗayan, wanda ake buɗe ƙofa da shi." Kaka ta ce makulli, tana harararsa don ya raina mata hankali. Maki uku.

Ban ɗauka ƙarya yake yi da gangan ba, har yau ma ban ɗauka ba. Yadda ya ɗauke takalman nan a bakin ƙofa, haka yake ɗauke amsoshin, kafin wani ya gani.

Daga nan likita ta nuna shi da biro. Tambayar ba ta cikin takarda, ina jin ta yi ta ne don a ƙare da daɗi.

"Wannan wane ne, ya hajja? Me sunansa?"

Mahaifina ya yi 'yar dariya, ya gyara zama. Na san abin da yake shirin yi, zai yi wa likita bayanin alkunya, abin da yake jin daɗin yi wa baƙi. Ya ce, "Hajiya, wai ni wane ne. Ba sai kin..."

Kaka ta juyo ta dube shi. Ba labule ba, ba bango ba, cikin ido ta dube shi. Ta ce, "Ɗana ne mana." Sai ta faɗi sunan. Ta faɗe shi cikakke, na yanka, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga ƙofar gida. Ta ƙara da cewa, "Ranar Talata na haife shi, ana ruwa."

Wannan ba ya buƙatar tafinta, sunan yana rubuce a katin da ke gaban likita. Ta tafa hannu ta ce, "Mumtaz!" Ta yi wani babban maki a gefen takarda.

Ni hannun mahaifina nake kallo. Makullin mota yana hannunsa, tun shigowarmu yake juya shi a yatsa. Ya daina.

Likita ta tara makinta. Ta ce ba laifi, in aka duba shekaru da rashin boko da fassara, ba ta ga abin da zai sa ta tura mu babban asibiti ba. Za a ɗebi jini a duba, za ta rubuta ƙwayoyin ƙarin kuzari, a dawo bayan wata shida. Ta ce, "Khalas, shi ke nan, hajja ta fi ni lafiya." Mahaifina ya ce ya gode. Muryarsa ta fito kamar ta wani. Ya miƙe, ya kama jakar Kaka.

In aka tashi a haka, bayan wata shida Kaka tana Zariya ita kaɗai da risho. Wannan lissafin ko ni na iya shi.

Zan so in ce na tashi tsaye na yi magana kamar jaruma. Abin da ya faru shi ne na tsara jimlar Turancin a kaina sau uku, na buɗe baki, abin da ya fito ko sikelin da ke gefena bai ji ba. Sai da likita ta sauke tabarau ta ce, "Na'am, habibti? Magana kike?"

Na ce wa ƙafar teburinta, "Amsar ƙarshen nan ba daidai ba ce."

Ta duba kati. "Ba sunansa ba ne?"

"Sunansa ne. Amma ba ta faɗa. Bai kamata ta faɗa ba."

Na yi bayani yadda na iya, da guntun Turancina na aji, ina haɗawa da Larabci inda ya ƙare. Na ce a wurinmu mace irin Kaka ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya ce, ba ƙiyayya ba, kuma ba abu ne da ake mantawa da shi ba kamar carbi. Na ce in da lafiyarta ƙalau, da shiru za ta yi, ko ta ce "wannan", sai likita ta ɗauka ta kasa amsa tambayar, alhali a nan ne ta ci.

Ina jin ƙarar na'urar sanyi, ina kuma jin cewa yau na ja wa kaina abin da ban taɓa ja ba, na gyara wa mahaifina magana a gaban baƙuwa.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce a ƙauyensu ma namiji ba ya faɗin sunan uwarsa a cikin maza, kuma da za ta ji yayanta ya faɗa a kasuwa, da ta san wani abu ya taɓa shi. Ta juya wurin mahaifina. "Gaskiya ne abin da ta faɗa?"

Ya koma ya zauna, jakar tana kan cinyarsa. Ya ce, "Shekarata arba'in da shida. Yau na fara jin sa a bakinta." Sannan ya ce, "Likita, ki sake tambayoyin. Ban fassara miki daidai ba."

Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta ciro sabuwar takarda, ta ce in jawo kujerata kusa. Ta ce in faɗi abin da ta faɗa, in dawo mata da abin da Kaka ta faɗa, kada in ƙara gishiri kada in rage. Kaka ta bi ni da kallo ina jan kujera, ta ce, "Ke kuma ƙawata, yaushe kika yi baki?"

Muka sake. Sababbin abubuwa uku, ba ta riƙe ko ɗaya ba. Ƙasa, Makka. Wata, azumi ya kusa. A kowace amsa ina jin kamar ni nake tona mata asiri, amma na faɗa yadda take. Mahaifina yana kallon hoton huhu da ke bango kamar zai yi jarrabawa a kansa. Daga ƙarshe likita ta tambaye ni me nake gani a gida. Na ba ta labarin darduma, da Azahar biyu, da carbi, da tukunya, har da takalman ɗazu. Tana ji tana bugawa a kwamfuta. Ta ce ita ba za ta sa wa abin suna ba, ba aikinta ba ne, akwai cututtukan da ke kama da mantuwa kuma suna warkewa, shi ya sa jinin ma za a ɗiba. Amma za ta tura mu wurin waɗanda aikinsu ke nan, kuma kada Kaka ta yi tafiya kafin su gan ta.

Takardar ta fito daga na'ura da ɗuminta. Ni ta miƙa wa, ban san dalili ba. A layin ƙarshe na ga ta rubuta cewa mara lafiya ta kira sunan ɗanta na fari, abin da iyalinta suka ce ya saɓa wa al'adarta ta tsawon rai.

A mota na zauna a baya ina jiran faɗa. Bai zo ba. Kaka ce ta ce ita shayi take so, irin mai kaurin nan. Mahaifina ya tsaya a gaban wani shago ya danna hon, aka kawo shayin karak kofi uku. Ya miƙo mini nawa ta baya ba tare da ya juyo ba. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan a kan maganar, ranar da ma bayanta.

Bayan wasu makonni aka kira mu babban asibitin. Can ba gaggawa. Suka yi hoton ƙwaƙwalwa, suka nemo tafinta wanda ba ɗan gida ba, suka yi tambayoyin da suka dace da wadda ba ta yi boko ba, irin su jera watannin Musulunci da faɗin yadda ake tuwo daga farko har ƙarshe. Suka zaunar da mahaifiyata ita kaɗai, suka zaunar da mahaifina shi kaɗai. Daga baya suka ce ciwon mantuwa ne, abin da a gida ake cewa gigin tsufa a wuce wurin. Suka ce magani ba ya warkar da shi, sai dai ya rage masa gudu, suka koya mana abubuwan da za mu canza a gida. Aka fasa tafiya Zariya. Aka sa wa gas makulli. Na yanka takarda na manna kibiya a ƙasan ɗakinmu tana nuna yamma. Kaka ta ƙara shekara huɗu tare da mu, a Doha ta rasu, Allah Ya jiƙanta.

Yanzu in na tuna, ba tausayi ne ke fara zuwa mini ba, mamaki ne. Takardar likitar nan ba ta da laifi, likitar ma ba ta da shi, ta yi tambaya an ba ta amsa daidai. Sai dai akwai amsar da ba wanda zai san ta karkace sai ɗan gida. Shi ya sa in wani a cikinku masu karatu ya rubuto mini cewa zai kai tsohuwarsa ko tsohonsa wurin likita a kan mantuwa, abu biyu nake faɗa masa. Wanda ya fi kowa son mara lafiyar kada ya zama shi ne tafinta. Kuma a tafi da wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita, ko da yarinya ce da ba ta iya gaisuwa ba.

Abin da ya fi zama mini a kunne daga shekarun nan shi ne muryar mahaifina daga falo yana cewa, "Na'am, Hajiya." Amma ba haka aka fara ba. Tun daga ranar asibiti sunan ya zauna a bakin Kaka, tana kiransa safe da yamma, shi kuma ya kasa amsawa. In ta kira sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce da ni, "Je ki ga me take so." In na je sai ta leƙa bayana, ta ce ba ni ta kira ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta kira sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A na huɗun muryarta ta fara rawa, na ji tana tambayar mahaifiyata ko yaron ya fita ne, ga hadari ya haɗo, ko hula babu a kansa. A Doha, a watan da ko gajimare babu.

Yana zaune a kan kujera da babbar rigarsa, jarida a buɗe a hannunsa, ba karantawa yake ba. Ya ɗago zai ce in je. Na tsaya a gabansa, idona a kan kafet kamar kullum, sai kuma na ga wannan ba maganar da za a gaya wa kafet ba ce. Na ɗago na dube shi.

Na ce, "Baba, ba wani abu take so ba. Don Allah in ta kira sunan, ka amsa mata."